Damana Ta Sake Hali: Abin Da Manoma Suke Gani

Duk inda manoma suka taru, ko a kasuwa, ko a gindin bishiya, ko a ƙofar mai gari bayan la'asar, zancen ɗaya ne. Damana ba kamar da take ba. Tsofaffi suna faɗi, matasa ma suna faɗi. Daga Adar har Damagaram, daga Dakwaro har Madarumfa, kukan iri ɗaya ne: ruwa ya ragu, ruwa ba ya zuwa kan lokaci, gona ba ta cika rumbu.

Wannan zance ba na hira ba ne kawai. Mafi yawan mutanen Nijar da noman damana suke ci. Wata uku ko huɗu na ruwa su ne suke ciyar da gida wata goma sha biyu. In manomi ya fahimci halin damana daidai, zai san irin da zai shuka da ranar da zai shuka. In ya fahimce ta a karkace, iri ya tafi, wahala ta tafi.

Alamomin da aka gada

Manoma suna da nasu lissafin watanni. Watan bakwai shi ne watan shuka. Kafin ya kama, akwai alamomi da kowa ya sani. Shamuwa tana zuwa ta yi sheƙa bisa itatuwan gari. Iska tana juyawa, ta bar gabas ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, da ɗan laima a cikinta. Taurarin nan da ake kira kaza da ƴaƴanta suna ɓacewa daga sama. Gawo kuma, shi da yake da ganye duk rani, sai ya fara zubar da shi. A wajen Ƙonni, a Massalata, har yanzu ana yin buɗin daji, inda ake faɗin yadda shekara za ta kasance.

Yau manoma da yawa suna cewa alamomin nan ba su da tabbas kamar da. Shamuwa ta zo, iska ta juya, amma sama ta yi shiru. Ko kuwa a yi ruwa guda mai kyau a watan Mayu, kowa ya fita shuka, hatsi ya tsiro, daga nan sai fari na kwana 15 ko 20. Tsiron ya bushe. A sake shuka. Wata shekara sai an shuka gona ɗaya sau uku. Irin da aka ajiye ya ƙare, dole a sayi na kasuwa, a lokacin da tiyar hatsi ta fi tsada cikin shekara.

Masu yin binne, wato shuka cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, su ma suna kuka. In ruwan farko ya zo kaɗan, iri ya jiƙa amma bai samu na tsira ba, sai ya ruɓe cikin rami.

Akwai kuma iska. Manoman jigawa suna cewa iskar da take gaban hadari ta ƙara ƙarfi. Tana kwasar rairayi ta rufe ƙananan tsiro, ko ta yayyanka ganyensu. Wani lokaci hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a yi ta murna, ƙarshe ƙura kaɗai za a samu.

Abin da ya fi ɓata wa manomi rai shi ne ƙarshen damana. Hatsi ya yi ciki, ya fidda kai, yana bukatar ruwa biyu ko uku ya ƙosa, sai ruwa ya ɗauke a farkon Satumba. Kara ya yi tsawo, gona ta yi kyan gani, amma zangarniya ba ƙwaya. Haka aka yi a wurare da yawa a 2004. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. A 2005 aka shiga yunwa, yara ƙanana na jihohin Maradi da Damagaram suka fi shan wuya.

Me ma'aunin ruwa ya ce?

Ma'aikatan yanayi suna da wani gwangwani da ake kafawa a fili, ruwan sama ya zuba ciki, a auna shi da milimeta. Milimeta 1 tana nufin lita 1 ta ruwa ta zuba bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ke nan in an ce an yi ruwan milimeta 20, gona mai hekta 1 ta sha lita 200.000. Wannan tano 1000 ke nan, irin tanon nan mai cin lita 200.

A manyan garuruwan Nijar an daɗe ana rubuta wannan awo, tun zamanin Turawa. A shekara mai matsakaicin ruwa, Gaya tana samun wajen milimeta 800, Maradi wajen 500, Damagaram wajen 400. In aka duba littattafan awon, za a ga zamani uku.

Na farko shi ne daga 1950 zuwa wajen 1967. Shekarun ruwa ne sosai. Su ne shekarun da tsofaffin yau suke tunawa, lokacin da gyaɗa take cika kasuwannin Maradi da Damagaram, tabkuna suna kai wa bazara ba su ƙafe ba.

Na biyu ya fara a 1968. Ruwa ya yi ta raguwa har aka kai ga babban fari na 1973, wanda ya kashe dabbobi ba iyaka. Aka sake yin wani a 1984, shekarar yunwar da mutane suka sa wa suna El-Buhari. A cikin waɗannan shekaru ruwan ƙasashen Sahel ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, wani wuri ma fiye. Ruwan da gari yake samu a da, sai an yi tafiyar kilomita 100 ko fiye zuwa kudu ake samun irinsa. Masana da suka bi awon rana-rana sun gano cewa ba girman kowane ruwa ne ya ragu ba. Yawan ranakun ruwan ne ya ragu, musamman a Yuli da Agusta, lokacin marka.

Na uku shi ne daga wajen 1990 zuwa yau. A nan ne abin mamaki yake. Jimillar ruwan shekara ta ɗan farfaɗo. Ba ta koma ta 1950 ba, amma ta fi ta 1973 da ta 1984 nesa ba kusa ba.

To, wa ya yi gaskiya? Manomi ya ce ruwa ya ragu, gwangwani ya ce ruwa ya ƙaru.

Dukansu biyu sun yi gaskiya, abin da kowa yake ƙirgawa ne daban. Gwangwani yana ƙirga ruwan da ya faɗo daga sama. Manomi yana ƙirga ruwan da hatsinsa ya sha. Ruwan da ya dawo bayan 1990 bai dawo da yawan ranakunsa na da ba. Ya dawo ne a manyan hadarai masu ƙarfi. A 2017 wasu masana suka fitar da sakamakon binciken hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35. Sun ga cewa hadarai mafi ƙarfi na Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Ga misali. A ce gari biyu kowanne ya samu milimeta 450 cikin damana. A garin farko ruwan ya zo sau 35, kaɗan-kaɗan, duk bayan kwana biyu ko uku. A gari na biyu ya zo sau 20, uku daga ciki kowanne ya kai milimeta 80, kuma an yi fari na sati uku lokacin da hatsi yake fidda kai. A takarda garuruwan nan daidai suke. A rumbu kuwa, na farko zai ɗaure dami, na biyu zai ɗaure kara. Ƙasa ba ta iya shanye milimeta 80 cikin awa biyu. Ruwan yana gudu, ya kwashe taki da ƙasar sama, ya yanka ƙorama a tsakiyar gona, ya tafi kwari.

Wannan ne ya sa shekara ɗaya ana iya kukan fari da kukan ambaliya. A Satumba ta 2020 kogin Kwara ya kai tsawon wajen mita 7 a Yamai, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. Ya cinye gonakin shinkafa da unguwanni. A 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan 1. Birnin Maradi ya sha wuya ƙwarai. A Damagaram tsohon masallacin nan na ƙasa, wanda ya haura shekara 150, ya rushe ranar 3 ga Satumba. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa game da tunanin tsofaffi. In dattijo ya ce da can ba a san fari ba, yana tuna ƙuruciyarsa ne, kuma ƙuruciyarsa ta faɗo cikin shekarun da suka fi kowanne ruwa a ƙarnin da ya wuce. Kakanninsa sun ga Kakalaba, yunwar 1913 da 1914. Fari tsohon baƙo ne a ƙasar nan. Sabon abu shi ne ƙarfin ruwan, da rashin tabbas ɗinsa, da zafi.

Zafi

Manoma suna cewa rana ta ƙara zafi, dare ma ba ya yin sanyi kamar da. Mata masu zuwa rijiya da masu aikin gamana sun fi kowa sanin wannan. A nan babu gardama tsakanin manomi da ma'aikacin yanayi. Awo ya nuna zafin ya ƙaru.

Zafi yana cutar da gona ta hanyoyin da ido ba ya gani nan da nan. Laimar ƙasa tana tashi da sauri. Ruwan da a da yake riƙe shuka kwana 10, yanzu ba ya kai haka. Rairayi mai zafi yana ƙona tsiro. Hatsi kuma yana gaggawar nuna, bai samu lokacin cika ƙwaya ba. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar duniya ta rage amfanin hatsi a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na dawa kuma da kashi 5 zuwa 15. Wato mai ɗaure dami 100 ya rasa 10 ko 20 ba tare da ya ga ɓarawon ba.

Ba sama kaɗai ke da laifi ba

In gona ta ƙi bayarwa, abu na farko da ake zargi shi ne ruwa. Amma manoman da suka daɗe suna lura sukan ƙara da cewa ƙasa ta gaji. Wannan ma gaskiya ce, kuma nauyinta bai kasa na ruwa ba.

A 1960 mutanen Nijar ba su wuce miliyan 3 da rabi ba. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17. Yau an haura miliyan 25. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba shi tsakanin jikoki. A kudancin Maradi da Damagaram maiso ya kusan ɓacewa, gona ba ta hutawa ko shekara ɗaya. Ana kwashe kara duka a kai gida don dabbobi da wuta da darni, ƙasa ta kwana tsirara duk rani. Inda ƙasa ta rasa taki, ƙuduji yana yawa. Inda ta rasa abin rufa, tana zama fako, ruwa ya zuba bisa kanta ya wuce kamar bisa faranti.

Ƙarancin fili ya tura gonaki arewa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma, ta bar abin da ke arewa da ita ga makiyaya. Yau akwai gonaki da yawa bayan wannan iyaka, a wuraren da ruwa bai taɓa zama abin dogara ba. Mai gona a can zai ce damana ta lalace, alhali kuwa gonar ce ta je inda damana ba ta da ƙarfi. Rigingimun manoma da makiyaya ma suna da tushe a nan.

Haka zancen Gulbin Maradi. Mutanen bakin gulbi suna cewa ba ya malala fadama kamar da. Ragowar ruwan sama tana ciki, amma akwai kuma madatsar ruwa ta Jibiya da aka gina a jihar Katsina wajen 1990, wadda take tare ruwan kafin ya shigo Nijar.

Daga ina canjin ya fito?

In aka tambayi manoma, da yawa za su ce ikon Allah ne. Wasu su ce halin mutane ne ya canza, zumunci ya yi ƙaranci, ba a fid da zakka. Shi ya sa in fari ya yi tsawo ake fita roƙon ruwa. Wasu kuma su ce saran itatuwa ne ya kori hadari.

Masana ba su hana kowa roƙo ba. Su dai suna bayyana hanyar da abin yake bi. Ruwan damana daga teku yake tasowa, can kudu, iska ta turo shi arewa. In zafin ruwan teku ya canza, tafiyar hadari ma tana canzawa. Wannan yana cikin manyan dalilan farin 1973 da na 1984. Ɗumamar duniya kuwa daga hayaƙi take, hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da gas da ake ƙonawa a masana'antu da motoci. Hayaƙin yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Mafi yawansa daga ƙasashe masu masana'antu yake fitowa, irin su Amurka da Sin da ƙasashen Turai. Rabon Nijar a ciki ɗan kaɗan ne ƙwarai. Hamadar Sahara tana ƙara zafi, kuma masana suna ganin wannan zafi ne yake ƙara wa hadaran Sahel ƙarfi.

Saran itatuwan gari ba shi ne ya kawo babban fari ba. Amma masu zarginsa ba su yi kuskure duka ba. Gona mai itace tana karya iska, tana riƙe laima, ganye yana zama taki. Itace ba ya kiran hadari, amma yana riƙe abin da hadari ya kawo.

Abin da manoma suka riga suka yi

Manoma ba su zauna jiran kowa ba. Akwai wata shaida mai ban sha'awa. A 1976 masu bincike suka zaga ƙauyukan Nijar suka karɓi irin hatsi suka ajiye. A 2003 aka koma ƙauyukan nan, kusan 80, aka sake karɓar iri. Daga baya aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sai aka ga na 2003 yana rigan na 1976 fidda kai, zangarniyarsa kuma ta fi gajarta. Sunayen irin ba su canza sosai ba. Hatsin ne ya canza. Kowace kaka manomi yana zaɓen zangarniyar da ta ƙosa ya ajiye don iri. A shekarun fari, wadda ta yi sauri ita ce take ƙosawa. Da haka, sannu a hankali, manoma da damana suka gajarta kwanakin hatsi, ba tare da wani ya yi shela ba.

Maiwa, mai daɗewa a gona, ta ja baya a wurare da yawa. Masu noman zango suna haɗa shi da iri mai sauri kamar HKP, wanda yake nuna cikin kwana 80 zuwa 90. A 2018 aka fito da wani mai suna Chakti da ya fi shi sauri. Amma iri mai sauri ma yana da nasa aibi. A shekarar da ruwa ya yi tsawo yana nuna cikin ruwa, tsuntsaye su taru a kansa tun da shi kaɗai ya nuna, karansa kuma bai kai na zango ba. Shi ya sa manomi mai lura ba ya zuba duk gonarsa ga iri ɗaya.

Gyaɗa ta faɗi bayan farin 1973 da cutar da ta kama ta a 1975. Wake ya hau matsayinta. Yana jure ƙarancin ruwa, yana gyara ƙasa, harawarsa kuma kuɗi ce.

A jihar Maradi aka fara sassabin zamani wajen 1983. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sassabe, sai a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, su zama itace. Ba a sayen komai, ba a ban ruwa. Dabarar ta bazu har Damagaram, inda gawo ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya. An ƙiyasta cewa fili wajen hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa ta wannan hanya.

A Adar kuwa, inda fako ya yi yawa, tassa ce ta yi aiki. Manoman Illela sun gano ta a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka gwada. Ana haƙa rami tun da rani, faɗinsa kamar taƙi ɗaya, zurfinsa ya ɗan kasa haka. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. In ruwa mai ƙarfi ya zo, maimakon ya gudu, sai ya tsaya cikin ramin. Aiki ne mai wuya, hekta 1 tana cin rami wajen 10.000. Amma a wajen Badagishiri fakon da a da ba mai so ya koma gona, har ana sayensa da kuɗi. Rabin wata ma haka yake aiki, shi dai ya fi girma.

Saura zancen ranar shuka, wadda ita ce ta fi wuya. Kowace shekara kafin damana, cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana tara masana na ƙasashen Sahel su yi hasashe. Ma'aikatar yanayi ta ƙasa tana bayar da shi, gidajen rediyo su faɗa da Hausa. Hasashen yana cewa ko damana za ta zo da wuri ko a makare, ko ana tsoron dogon fari a farkonta ko a ƙarshenta. Na yanki ne gaba ɗaya. Ba ya iya cewa gari kaza zai samu ruwa ranar kaza, don hadari yakan jiƙa gari ya tsallake maƙwabcinsa.

Shawarar malaman gona ita ce kada a fita shuka sai ruwa ya kai milimeta 20, a rana ɗaya ko cikin kwana biyu zuwa uku a jere. Ruwan da ya zo tun kafin lokaci, ko da ya kai haka, gara a shuka wani sashe na gona a riƙe sauran iri. A ƙauyukan da aka kafa gwangwanin awo, mutum ɗaya da ya iya karatu da rubutu ya isa. Duk safiyar da aka kwana da ruwa ya duba, ya rubuta kwanan wata da yawan milimeta, ya zubar da ruwan, ya mai da gwangwanin wurinsa. Inda babu gwangwani, manoma suna tona ƙasa da hannu. In laima ba ta kai zurfin tafin hannu ba, ruwan bai kai na shuka ba.